Ƙafar Baba: abin da nake rubutawa tun watan Janairu

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Jiya da daddare ƙafar Baba ta sake tashi, karo na uku kenan cikin wata bakwai. Kuma duk sanda wani ya tambaye mu yaushe abin ya fara, me ya ci, wane magani ya sha, sai mu tsaya kallon juna kowa da abin da ya tuna. To daga yau komai zan dinga rubutawa a waya, har kuɗin da aka kashe.

Baba mahauci ne, shekararsa 58, fawa gadonmu ce. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, duk Alhamis yana kasuwar Maigatari wajen sayen dabba, sauran kwanaki yana rumfarsa. Mutum ne da ban taɓa jin yace wash ba, ranar da wuƙa ta tsarge masa tafin hannu tsumma ya ɗaura ya ci gaba da fiɗa. Amma jiya wajen ƙarfe biyun dare Inna ta buga min ƙofa tace zo ka ga babanku. Na same shi zaune a bakin gado ya rungume gwiwa, ga sanyin hunturu amma ya yaye bargo, wai ko bakin bargon ne ya gogi yatsan ji yake kamar an ɗora masa garwashi. Gindin babban yatsan ƙafar dama ya kumbura suntum yana ƙyalli, in ka kai hannu kusa har hucin zafi kake ji. Kuma lafiya ƙalau ya kwanta fa.

Na farko ya zo ne kwana kaɗan bayan layyar bara. Aka ce sammu ya taka, wai masu baƙin ciki a kasuwa ne, aka yi addu'o'i aka kira wanzami yayi masa tsaga ya kafa ƙaho, bayan kamar kwana goma ta sauka. Na biyu lokacin kaka ne, wannan karon wani mai kemis ya ba da haɗi, ƙwayoyi kala biyar a ƙullin leda babu suna babu kwali, shi ma ta sauka. Inna ita tun farko cewa take sanyin ƙashi ne. Addu'a kam ba za mu bari ba, amma na gaya wa Baba wannan karon asibiti za mu, yayi shiru bai ce a'a ba, a nan na gane ciwon ya kai inda ya kai.

Talata, 14 ga Janairu

Ba zai iya hawa babur ba don ƙafar ba ta son rataya, sai shatar adaidaita muka yi. Likitan matashi ne amma yana da haƙuri, ya duba yatsan ya tambayi yadda yake farawa, da muka ce cikin dare ne kuma kafin gari ya waye ya kai ƙarshe sai ya gyaɗa kai. Yace sunan ciwon gawut.

Ga yadda na fahimci bayaninsa. Akwai wani datti a cikin jini ana ce masa yurik asid, kowa yana da shi, jiki ne da kansa yake samar da mafi yawansa sauran kuma daga abinci. Ƙoda ce take tace kusan kashi biyu cikin uku ta fitar ta fitsari, ragowar ya bi ta hanji. Yace Baba ka ɗauki kofin ruwa kana zuba gishiri, zai yi ta narkewa, amma akwai inda za a kai ruwan ya ƙoshi sai gishirin ya koma ƙasa ya kwanta. Haka shi ma, in yayi yawa sai ya kwanta a gaɓoɓi ya zama wasu 'yan tsinake kamar allurai da ido ba ya gani, kuma ya fi saurin kwanciya a inda jiki ya fi sanyi, shi ya sa yake son yatsan ƙafa kuma yake son dare. Ranar da jiki ya farga da su ya kai musu yaƙi, shine kumburin da zogin. Yawancin masu shi ƙodarsu ce ba ta fitar da isasshe, kuma ana gadonsa.

Abu biyu ya faɗa da suka tsaya min. Na farko, ko ba a sha komai ba ciwon yana sauka da kansa cikin sati ɗaya zuwa biyu, ashe shi ya sa duk abin da aka yi wa Baba a baya sai a ga kamar shi yayi aiki. Na biyu, ya karɓi maganin hawan jinin da Baba ya shekara biyu yana sha, irin mai sa yawan fitsarin nan, yace wannan yana hana ƙoda fitar da yurik asid. Ya canza masa zuwa losatan, wanda shi kuma yana ɗan taimakawa wajen fitar da shi. Ya ja kunnenmu sosai kan haɗin kemis da yawan shan diklofenak, yace suna cin ƙoda suna kawo gyambon ciki. Mu 'yan Jigawa ba sai an ba mu labarin ciwon ƙoda ba, jikina yayi sanyi.

Awon ƙoda lafiya Alhamdulillahi. Yurik asid 395. Har na fara murna don yace ƙasa da 360 ake so, naga ai ba nisa, sai yace kar mu ruɗu, lokacin da ciwon yake tashe awon yakan nuna ƙasa da gaskiya, mu dawo in ƙafar ta lafa da sati biyu. Ya rubuta kolcisin, maganin da ke kwantar da kumburi da zogin gawut.

Shata zuwa da dawowa 6,000, awon jini biyu 11,000, magunguna 7,500. Jimla 24,500.

Juma'a, 17 ga Janairu

Mun ga tashin hankali. Kolcisin ɗin ƙwaya ɗaya aka ce safe da yamma, ashe Baba duk sanda zogi ya motsa sai ya ƙara, yana ganin 'yar ƙwayar ƙarama ce. Daren Laraba gudawa da amai suka tsinke masa, ga ƙafa ba ta takuwa, ni da ƙanina muke ɗaga shi. Da asuba na kira lambar da likita ya ba ni, yace a tsayar da shi nan take a yi ta ba shi ruwan gishiri da sikari, in bai tsaya ba zuwa azahar a kawo shi. Yace wannan maganin tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke illa ba nisa, ana iya rasa rai in aka zarce. Allah ya taimaka ya tsaya. Jiya na koma na karɓo wani maganin kumburin, firedinisolon, na kwana biyar, 1,200. Daga yau duk magungunan suna hannuna, ni nake ƙirga masa.

Litinin, 20 ga Janairu

Kumburi ya fara sauka, fatar wajen tana saɓulewa. Yayi sallar magariba a tsaye.

Alhamis, 23 ga Janairu

Bai je Maigatari ba, ƙanina ne ya je. Sati biyu kenan rumfa a hannun yara, ciniki ya ja baya.

Alhamis, 30 ga Janairu

Tun asuba ya tafi kasuwa da ƙafarsa. Da ya dawo na tuna masa maganar awo, yace kai wane awo kuma, ba ka ga na warke ba? A bar kuɗin nan a yi cefane.

Talata, 4 ga Fabrairu

Kwana huɗu ina lallaɓa shi. Abin da ya ci shi a ƙarshe, na tuna masa wani dattijo abokin sana'arsa da muke gani a kasuwa, wanda yatsunsa duk sun yi ƙulutai sun karkace har wuƙa ba ya iya riƙewa, wani lokacin ƙulutun ya fashe wani farin abu kamar alli ya fito. Likita ya gaya min tun ranar farko cewa ƙarshen gawut kenan in aka shekara da shekaru ana kashe zogi kawai ana barin yurik asid ɗin yana taruwa, har tsakuwar ƙoda yana kawowa. Baba ya daɗe shiru sannan yace to shirya mu je.

Awo ya nuna 548. Ga mutum yana tafiya garau babu inda ke masa ciwo, amma jinin cike yake. Likita ya juyo da takardar yace Baba wannan lambar ita za mu dinga bi, ba ƙafar ba, sai mun kai ta ƙasa da 360 ta kuma zauna a can, a lokacin ne abin da ya kwanta a gaɓoɓin zai fara narkewa a hankali.

An fara alofurinol, miligiram 100 kullum, shi aikinsa rage yawan yurik asid ɗin da jiki ke samarwa. Da kaɗan ake farawa ana awo ana ƙarawa. Sai kolcisin ƙwaya ɗaya tak a rana na wasu watanni, don wai farkon fara maganin ciwon yakan ƙara motsawa. Ya kuma ce in muka ga ƙuraje sun feso, ko zazzaɓi da gyambo a baki, a ajiye alofurinol a taho da gudu ko tsakar dare ne, ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru ba wasa.

Awo 4,500, magani na wata ɗaya 9,000, man babur 2,000.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Maganar abinci ta kusa haɗa faɗa a gida. Inna da Gwaggo sun ji a wajen mata cewa mai irin wannan ciwon ba ya cin wake, ba ya cin alayyahu, ba tumatir, ba gyaɗa, ba nama, ba ƙwai, ba nono don wai sanyi ne. Kwana biyar tuwo da miyar kuka tsura ake ba shi, mutumin da ya saba da maiƙo, har ya fara faɗa da kowa. Na sake kiran likita na sa wayar a sifika kowa ya ji da kunnensa.

Wake da alayyahu da gyaɗa da duk ganye ya ci abinsa, ba su ne ke tayar da shi ba. Ƙwai lafiya. Nono da kindirmo ma taimakawa suke, sai dai a rage sikari a fura. Waɗanda za a guje wa su ne kayan ciki, hanta da ƙoda da saifa da ƙwaƙwalwa da sauransu, sai romonsu don abin yana sauka cikin ruwan dahuwa, sai kifin gwangwani irin sadin. Jan nama a rage ba wai a daina ba. Giya tana cikin manya amma wannan Alhamdulillahi ba ta shafe mu ba. Sai lemon kwalba da duk wani abin sha mai zaƙi, har zuma in ta yi yawa, don irin sikarin da ke cikinsu yana sa jiki ya ƙara samar da yurik asid.

Nan ne abin ya dawo kaina. Ina da shagon cajin waya da firiza mai sola, ina sayar da ruwa da lemo, kuma tun da na buɗe shagon kullum sai na aika wa Baba lemo mai sanyi rumfa, ranar zafi har uku, ina ganin kyautata masa nake. Shekara uku. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Yanzu ruwan sanyi zalla nake aikawa, jarka guda, kuma ina tambayar yara ko ya shanye.

Wani a shago yace ai wannan ciwon masu kuɗi ne, Turawa ma cutar sarakuna suke ce mata. Maganar ta ɓata min rai. Baba ba don daɗi ya shekara arba'in yana cin kayan ciki ba, abin da ya kwantai ne, in yamma ta yi ba a saye ba kuma ba inda za a ajiye sai a kawo gida a yi farfesu, tsokar kuwa ta masu saye ce. Kuma mahauta nawa ne suke cin irin abin da yake ci ba su taɓa jin ko ɗis ba? Likita ma yace ko Baba ya bar nama kwata-kwata abin da zai sauka bai wuce kamar 60 ba, daga 548 zuwa 360 kuwa tafiya ce mai nisa, abinci shi kaɗai ba zai kai mu ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Lafiya. Magani kullum bayan karin safe. Kayan cikin da ya rage yanzu mai tsiren bakin titi muke ba wa a farashi mai sauƙi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na kwana biyu ban rubuta ba don raina ba daɗi. Ranar Juma'ar da ta wuce ciwon ya tashi, wannan karon a idon sawun hagu, wajen da bai taɓa yi ba. Baba ya fusata, yace da can sau biyu ko uku a shekara yake zuwa, yanzu na fara maganinku ko sati uku ba a yi ba ga shi ya canza ƙafa, wannan magani ne ko ƙarin cuta? Ya ture ledar yace ba zai ƙara sha ba. Kawu ya zo da wata jarkar jiƙo ta sassaƙe daga wajen wani mai magani, 3,000 ya saya da kuɗinsa, don ƙauna yayi na sani. Ni kuma ga ni ɗa, ba zan tsaya ina musu da Baba da ƙaninsa a gaban mutane ba. Na koma ɗaki ina ta juyi.

Ga kuma rigimar ƙanƙara. Likita ya ce in ya tashi a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora kamar minti ashirin a ɗaga ƙafar kan filo. Inna tace ina aka taɓa maganin sanyi da sanyi, ita ruwan zafi za ta gasa masa. Ta gasa, ihu yayi. Da dare da kowa ya watse na kawo ƙanƙarar daga firiza nace Baba a gwada ko sau ɗaya, ya bari, can naji numfashinsa ya sauka har barci ya ɗauke shi.

Washegari na samu Kawu shi kaɗai a gona na yi masa bayani a tsanake. Nace Kawu ka san randar da ta daɗe laka ta kwanta a gindinta, ruwan sama garau kamar ba komai, ranar da aka zo wanke ta ai sai ruwan ya fara gurɓacewa tukuna. To maganin ne ya fara taɓa abin da ya shekara yana kwance, kuma likita ya faɗa tun kafin a fara, yace ko ciwon ya tashi kar a tsayar da alofurinol, tsayarwa da komawa shi ke ƙara dagula abin. Kawu mutum ne mai fahimta, shi ya je ya shawo kan yayansa, ni ban ce uffan ba. Jiya ya koma sha, kwana huɗu aka rasa. Jiƙon kuma Kawu da kansa ya ɗauke, da na gaya masa ba mu san abin da zai yi wa ƙoda ba.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na tambaya tun kafin a ga wata, likita yace tunda ƙodarsa lafiya zai iya yi, amma rashin ruwa a jiki yana tayar da gawut. Tsarin da muka yi: magani bayan buɗe baki, ruwa kofi biyu da shan ruwa, biyu bayan tarawi, ɗaya kafin barci, biyu ko uku da sahur. Zoɓo da kunun tsamiya nasa daban Inna take ɗiba kafin a zuba sikari. Rumfa kuma daga azahar ƙanina ke karɓa shi ya koma inuwa.

Talata, 11 ga Maris

Awo 476. An ƙara zuwa 200. Kuɗin yau 15,000 har da mai. Baba ya karɓi takardar ya kalla yace saura nawa? Karo na farko kenan da ya tambaya da kansa.

Alhamis, 27 ga Maris

Ƙuraje sun feso masa a baya da wuya, gabana ya faɗi, ban ba shi maganin daren ba da safe muka tafi. An duba, ƙurajen zafi ne, ba zazzaɓi ba komai a baki. Mai 2,000 ya tafi amma ko gobe aka sake haka zan yi.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi sallah. Azumi ya ƙare ƙafa ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Ya ci kaza yanka biyu.

Talata, 22 ga Afrilu

Wannan laifina ne kuma zan rubuta shi yadda yake. Alofurinol ya ƙare ranar 8 ga wata. Kuɗina duk sun tafi a kayan sallar yara da batirin sola da ya mutu, kuma kemis ɗin da ke kusa da mu ba sa ajiye shi don ba mai tambaya. Na ce a raina ai wata biyu yana sha, ƙafa lafiya, kwana kaɗan ba zai yi komai ba, bari ciniki ya ɗan taru. Kwana kaɗan ya zama goma sha ɗaya. Abin da na hana Baba yi a Fabrairu shi na yi da hannuna, kuma ban gaya wa kowa ba, shi yana ganin likita ne ya ba da hutu.

Daren Asabar gwiwar dama ta kumbura kamar ƙwarya, ga zafin bazara ga jikinsa ya ɗau zazzaɓi. Zazzaɓin ne ya fi tsorata ni don an gaya min gaɓa mai zafi da kumburi tare da zazzaɓi ba lallai gawut ba ne, ƙwayar cuta tana iya shiga gaɓa ta lalata ta cikin 'yan kwanaki, kuma da ido ba a bambance su. Da asuba muka nemi mota. Aka sa allura aka zuƙo ruwa daga gwiwar kusan sirinji biyu aka kai awo, aka riƙe mu kwana biyu. Ba ƙwayar cuta, gawut ɗin ne. Ana zuƙe ruwan ma ya samu sauƙi.

Da likita ya tambaya ko ana shan magani, a gaban Baba na faɗi gaskiya. Bai yi min faɗa ba, yace dai wannan maganin kamar na hawan jini ne, ba a gama shi, ranar da aka bari cikin 'yan kwanaki jinin ke komawa gidan jiya. Baba bai ce komai ba sai a mota, yace da ka gaya min ai da na sayar da akuya ɗaya. Wallahi da duka yayi min da ya fi min sauƙi.

Mota, gado, awo da magani 41,000. Maganin da na kasa saya na 6,000 ne. Kwana takwas kuma ba zai fita rumfa ba.

An mayar da shi kan 200. Na yi magana da wani direba ɗan garinmu da ke zuwa Kano duk sati, zai dinga sayo mana na wata uku a babban kantin magani, ya fi araha ma. Na samu gwangwani a shago kullum ina jefa 300 a ciki, ba mai taɓawa. Kuma na rubuta a bangon shago ranar da za a sake saye, sati biyu kafin ya ƙare.

Lahadi, 4 ga Mayu

Gwiwa ta sauka, yana sujada ba tare da ya miƙe ƙafa ba. Zafi ya tsananta, jarka biyu nake aikawa.

Talata, 13 ga Mayu

415. An kai shi 300, ƙwaya ɗaya ce yanzu maimakon biyu. Hawan jini ya daidaita da losatan. Nauyinsa ya ragu kilo 4 tun Janairu, likita yace haka ake so a hankali, rama ta gaggawa ita ma tana tayar da ciwon. Awo 4,500.

Lahadi, 8 ga Yuni

Layya ita nake tsoro tun watan Janairu, don a nan abin ya fara bara. Duk wanda ya tashi a gidan fawa ya san yadda ranar take, daga saukowa idi Baba ba ya zama, gida gida ake kiransa yanka da fiɗa, kuma duk gidan da ya shiga sai an gasa hanta an miƙo masa, in ya ƙi a ga kamar raini. Ga kayan ciki da ake soyawa ranar farko kafin a taɓa naman da aka rataye, ƙamshi ko'ina. Bara a ƙiyasin Inna ya ci hantar gida ya fi bakwai, ya bi da lemo, ga rana ga gajiya ga ba ruwa.

Daren Alhamis na rasa yadda zan fara masa maganar, sai shi ya riga ni, yace gobe ka biyo ni da jarka. Haka aka yi, ranar Juma'a ina bayansa da ruwa da leda. Gida goma sha ɗaya muka shiga. Duk inda aka miƙo hanta sai yace Allah ya karɓi ibada, a sa min a leda na kai wa jikoki, likita ya hana ni. Wani dattijo yace haba Malam, mahauci guda ba ya cin hanta? Baba ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna masa gwiwa yace wannan ce ta kwantar da ni kwana goma, har ya tsaya yana yi masa bayanin gishiri da kofin ruwa, yana cewa nawa 548 ne da, yanzu 415. Na juya baya don idona ya kawo ruwa.

Ta ragonmu kuwa ya ɗanɗana, yanka ɗaya kamar kan yatsa, yace wannan ta ibada ce ba zai bari ba, ni ma ban hana ba. Jiya da yau tsoka yake ci daidai misali da tuwo da ganye. Ina ta kasa kunne cikin dare ko zan ji bugun ƙofar Inna.

Lahadi, 15 ga Yuni

Kwana tara da layya, shiru. An samu ruwan sama jiya amma bai kai na shuka ba.

Talata, 24 ga Yuni

338.

Likita ya miƙa wa Baba hannu. Za a ci gaba da 300 kullum ba fashi, kolcisin ɗin kuma zuwa ƙarshen Agusta sannan a duba a ajiye shi. Ya gaya mana kar mu yi mamaki in ciwon ya ɗan leƙo sau ɗaya ko biyu nan gaba, abin da ya taru shekaru yakan ɗau watanni kafin ya gama narkewa, muddin lambar tana ƙasa zai yi ta raguwa. Awo na gaba cikin Satumba tare da na ƙoda, in ya zauna sai a koma duk wata shida.

Na tattara lissafi, daga Janairu zuwa yau 158,000 da 'yan kai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kwanciyar Afrilu ne. Daga yanzu magani da awo ba za su wuce 6,000 a wata ba in Allah ya yarda, gwangwanin yana ɗauka.

Abin da ya rage: Kawu ya faɗa min a ɓoye cewa shi ma yatsansa ya taɓa yin irin haka sau biyu, za mu tafi tare cikin Satumba, ni ma zan ba da jinina a auna tunda abin gado ne. Baba kuma yace ranar Alhamis zai nemi dattijon nan mai ƙulutai a Maigatari, likita ya ce har irin nasa suna raguwa in aka kai lambar ƙasa da 300 aka daure.

An yi ruwa mai ƙarfi daren jiya. Gobe shukar gero, Baba yace shi zai riƙe sungumi mu bi shi da iri.